Rigar Barmo

A garinmu, kusa da Gangara, in namiji ya cika bin mata ba a ce masa ɗan iska, sai a ce jikan Mai Kofato. Kakata ta ce aljani ne, sama mutum ƙasa bunsuru, yana zaune a tsamiyar bakin hanyar Gazawa. Jarabar mata gare shi. Macen da ya taɓa, hankalinta ya tafi ke nan. Shi ya sa mace in za ta wuce ita kaɗai sai ta sa rigar namiji, ba ta waiwaye, ba ta amsa kira, don yana aron muryar miji.

Shekarar babban fari, maigidana Barmo ya tafi Katsina da jakinsa neman hatsi. Wata uku shiru. Kullum idona na kan hanya, ni da surukata da 'ya'ya biyu muna rayuwa da anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa kwanaki. Ranar da ta ƙare na zura tsohuwar rigarsa, na ɗauki ƙwarya, na fita neman anza rana tsaka. Na bi hanyar Gazawa.

Ina daidai tsamiyar na ji nishi. Sai wari, irin na dabba. Sai murya a shaƙe:

"Tala... Tala, ruwa."

Wayyo Allah, muryar Barmo sak! Na ce a raina, la'ananne, har rigar ba ta ɓoye ni ba? Na ji ana jan jiki cikin yashi a bayana. Na yar da ƙwarya, na sheƙa a guje ina salati, ƙaya na yagar ƙafata ban ji ba. Na isa gida na ba surukata labari, ta ce, "Kin yi daidai, ɗiyata. Da kin waiwaya da shi ke nan."

Washegari Sajo, Bafillacen da shanunsa suka ƙare, ya yi sallama a ƙofar gida da buhun hatsi a ka. Ya ajiye, ya kasa duban mu.

"A gindin tsamiya na sami gawar Barmo, Inna," ya ce wa surukata. "Ƙishirwa ce. Kusa da mushen jakinsa. Ya ja buhun nan ya fi taki goma."

Ya miƙo mini ƙwaryata. Ya ce a hannun Barmo ya cire ta.