Motar da Ke Shanye Man Birkinta

"Mama, me ya sa ke da Baba kuke ba mota abin sha a ɓoye?"

Maman Aku na durƙushe tana ɗaure wa ƙaramin ɗanta igiyar takalmi lokacin da tambayar ta faɗo. Mai tambayar ita ce 'yarta ta fari, wadda babanta ya laƙaba wa Aku saboda bakinta ba ya hutawa. Tana zaune a kujera tana kaɗa ƙafa, kofin shayi a hannu. Baban, da ke bakin ƙofa yana laluben aljihu, ya tsaya cak.

"Wane abin sha kuma?" in ji uwar.

"Na 'yar robar nan mai jan murfi. Baba yana ba ta da safe in kina wanka, ke kuma da rana in kin dawo da mu. Kuma kowa sai ya waiga tukun."

Mata da miji suka dubi juna. Shi ya fara yin dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Mota ɗaya gare su, tsohuwa amma mai biyayya. Ranakun aiki tana hannun Maman Aku, ita ke kai yara makaranta ta ɗauko su. Shi kuwa sai ranar hutu yake jan ta. Hanyar makarantar tana da dogon gangare, a ƙarshensa akwai mararraba mai danja, inda yara ke tsallaka titi riƙe da hannun juna. Kwanan nan, in ta taka birki a gangaren, sai ta ji kamar ta ɗora ƙafa kan soso. Sai ta tattaka kafin ya kama.

Ba ta yi sakaci ba. Tun farko ta kai wa Kawu, ƙanin mahaifiyarta, bakanike ne kuma shi ya koya mata tuƙi. Ya fitar da iska daga birkin, ya leƙa bayan tayoyi bai ga yoyo ba, ya ba ta robar man birki ya ce ta sa ido, in man ya ƙara sauka sosai ta dawo. Ta sa ido. Kullum kaɗan take gani ya sauka, sai ta cike. Ba ta faɗa wa maigidan ba, don ta gaji da tsokanarsa cewa ƙafarta a kan birki take kwana.

"Kai fa?" ta tambaye shi.

"Jar fitila na gani a gaban sitiyari. Na duba na ga man ya ragu, na sayo na zuba. Ban so hankalinki ya tashi ba ne."

"Kawo robarka."

Ta ɗauko tata daga cikin but ɗin motar, ya ɗauko tasa daga bayan buhun gawayi. Ta jera su a kan tebur ta girgiza. Duka biyun sun kusa ƙarewa. Ashe kaɗan ɗin da take gani, rabin labari ne.

Tsoro ya zo mata, amma mamaki ya fi shi ƙarfi. Man nan ya kai ya jiƙa tsakar gida, to ina ya tafi? Ta yaga kwalin da aka kawo firiji a ciki, ta shimfiɗa a ƙarƙashin motar daga gaba har baya. Ta sa makullin a jakarta ta zuge. Ran nan da ƙafa suka fita, suka hau motar haya.

Washegari ta janyo kwalin. Ƙura, gashin kyanwa, da wata tururuwa mai harkar gabanta. Ko ɗigo babu.

Ta tsuguna a wurin, haɓa a tafin hannu. A kicin ɗinta, in madara ta ragu a jug kuma ƙasa a bushe take, ba ta neman tsaga a jikin jug, bakin yara take dubawa. To a mota, wa ke da baki?

Sai ta tuna ɗaya ciwon motar, wanda ita da maigidan suka ɗauka ba shi da haɗi da wannan. Wani lokaci in an taka totur sai motar ta yi nauyi, ta shiga tari da fizga kamar an riƙe mata riga ta baya, can kuma ta warware kamar ba ita ba. Wannan ɓangaren maigidan ne. Ya kai ta wurin wani mai gyaran inji kusa da ofishinsu, aka canza fulogi, aka ce sun yi datti. Ta yi lafiya na ɗan lokaci, tarin ya dawo.

"Baban Aku, a ina take yi maka tarin nan?"

"Ko'ina. Ba ta da tsari."

"Ni tana da tsari. Ba ta taɓa yi mini a hanyar dawowa ba. Kullum sai na sauka gangare, na daɗe a kan birki, danja ta ba mu hannu, na taka totur."

"Sai ta yi gajimare!" in ji Aku daga bakin taga. "Fari, ta baya. Ni nake gani."

Maman Aku ta ɗauki waya ta kira Kawu. Ya ce ta kawo motar gareji. Ta ce motar nan ba za ta taka titi ba ko da tura ta za a yi. Ya ce ita dai tun tana yarinya kanta kamar dutse. Da hantsi sai ga shi a kan babur, jakar kayan aiki a baya.

"Ina mai laifin? Motar ko direbobin?" ya ce, ganin robobin biyu a tebur. Da ya ji labarin ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wato ke kina ɓoye masa, shi yana ɓoye miki, motar kuma tana ɓoye muku duka. Gidan nan mutum ɗaya ce mai gaskiya." Ya miƙa wa Aku hannu suka tafa.

Ya kwanta ya bi bayan kowace taya da yatsa, a bushe. Ya bi siraran bututun da ke ƙarƙashi, a bushe. Ya ɗaga shimfiɗar da ke ƙasan fedar birki ya shafa, nan ma haka. Ya miƙe yana sosa ƙeya da sifana.

"Kawu, ni fa ina ganin injin ne ke sha."

"'Yata, birki gidansa daban, inji gidansa daban. Ko gaisawa ba sa..." Bai ƙarasa ba. Ya juya ya zuba wa cikin bonet ido. "Tsaya. Akwai hanya ɗaya."

Ya nuna mata. Ƙarƙashin ɗan tankin man birki akwai ƙarfen da ke tura man zuwa tayoyi, wanda ya kira masta. A bayansa akwai wani baƙin abu zagayayye kamar tukunyar da aka kife, shi ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. Daga tukunyar, wani tiyo mai kaurin babban yatsa ya tafi kai tsaye cikin inji.

"Ta nan inji ke zuƙar iska daga tukunyar. Iska kawai ya kamata ta bi."

Ya sassauta maɗaurin, ya murɗa tiyon ya cire, ya juya bakinsa a kan tafin hannunta. Wani ruwa mai santsi ya ɗiga. Ta murza, ta sunsuna. Ta san warin, shi ke maƙale mata a yatsa kowace rana.

Kawu ya yi fito. Ya kwance masta ya ja shi gaba, ga bayansa sharkaf, fentin wurin har ya saɓule. Ya zura tsumma cikin tukunyar, ya fito da shi yana ɗiga. Robar da ke toshe bayan masta ce ta mutu. Duk takun birki sai man ya tsiyaya cikin tukunya, ya taru, inji ya zuƙe ya ƙona, ya shaƙe, ya fitar da farin hayaƙi. Shi ya sa ƙasa ba ta taɓa gani ba.

"Na sha jin labarin irin wannan," in ji Kawu, idonsa na ƙyalli, "amma yau na kama shi da hannuna."

"Da mun ci gaba da cikewa fa?"

Fara'arsa ta ɗauke. "Robar da ta fara mutuwa ba ta warkewa. Wata rana za ki taka, ƙafarki ta tafi har ƙasa, babu abin da zai amsa."

Mararrabar ce ta faɗo mata a rai, da yaran nan masu riƙe hannun juna, da nata biyun a kujerar baya. Ta janyo Aku jikinta ta riƙe har yarinyar ta ce, "Mama, kin matse ni."

Motar ba ta motsa daga tsakar gidan ba sai da Kawu ya kawo sabon masta da sabuwar tukunya, ya fitar da iska, sannan ya gwada ta shi kaɗai a gangaren. Makullin na jakar Maman Aku duk tsawon lokacin, maigidan kuma bai ko tambaya ba. Robobin biyu suka koma roba ɗaya, a kan tebur, inda kowa ke gani.

Kai mai karatu, ke mai karatu: man birki ba fetur ba ne, mota ba ta cinye shi. In kun ga yana ta sauka, akwai inda yake zuwa, ko da ƙasa a bushe take. Kada ku cike ku yi shiru. Ku faɗa wa duk wanda ke tuƙa motar, kuma muddin birki na lotsewa kamar soso, kada ku saka yaro a cikinta sai an gano inda man ya tafi.