Siginar Hagu

Shekara talatin da huɗu Fannami yana kan sitiyari, kuma duk wanda ya tsaya da shi minti biyar a tashar Haɗejiya sai ya ji wannan adadin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Babbar mota yake ja, yana kwaso shanshara, wato shinkafar da ba a casa ba, daga fadamun Auyo zuwa injinan casa na cikin gari. Kusan rabin direbobin tashar a hannunsa suka koyi mota. Makarantarsa ba ta da allo ba ta da benci. Ka zauna a gefensa, ka sha faɗa, wani lokaci har da rankwashi, ranar da ya ga hannunka ya faɗa ya ce ka je ka nemo lasisi.

Cikin darussansa akwai wanda yake ji da shi fiye da sauran, shi ne abin da yake kira ladabin hanya. "Idan kana bayan babbar mota ba ka ganin gaba," in ji shi, "direban da ke gabanka shi ne idonka. Da ya kunna maka siginar hagu, ce maka ya yi hanya fes, fito ka wuce." Haka kawunsa ya koya masa, haka shi ma ya zuba wa duk wanda ya ratsa ta hannunsa.

Ran wata Talata da hantsi ya taho hanyar Auyo ba kaya a mota. Da ya kusa hanyar burjin da ke gangarawa fadama ta hannun hagu, sai ya rage gudu ya kunna siginar hagu, don can zai shiga. A bayansa akwai ƙaramar motar fasinja, Hussaini ne ke ja, wanda Fannami ya koya wa mota shekara shida da suka wuce. Hussaini ya ga fitila tana ƙyaftawa a motar malaminsa, ya taka totur ya fito zai wuce, daidai lokacin da Fannami ya karya kan mota.

Fasinjojin sun fita da targaɗe da karaya. Hussaini kuwa sai da aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa, ƙafar birki da totur.

Da Fannami ya je duba shi a asibiti, ya tarar da shi ya rame ya yi zuru-zuru. Bai ɗaga murya ba, bai ma ɓata rai ba. Cewa kawai ya yi, "Baba, ai na zaci hannu ka ba ni. Haka ka koya min."

Da zaginsa Hussaini ya yi da ya fi wa Fannami sauƙi. Ya fito yana jin kunyar da bai taɓa jin irinta ba tun da ya yi wayo.

A tasha kowa ya yi masa jaje, kowa ya ce ƙaddara ce. Fannami ya yarda da ƙaddara kamar kowane musulmi, amma wannan karon kalmar ba ta kwanta masa ba. Ya san wanda ya sa wa Hussaini wannan karatu a ka. Bayan kwana tara ya wanke babbar rigarsa, ya nufi wata makarantar koyon tuƙi da ke bayan kasuwa, wadda a da idan ya wuce ta sai ya yi tsaki ya ce nan ake koya wa matan ma'aikata juya mota.

Mai koyar da dokokin hanya a wurin wata mata ce, Malama Najwa, wadda ko a haife bai fi ta yi sa'ar 'yarsa ta biyu ba. Ta ɗauka wani ya rako.

"Baba, wa za a rubuta?"

"Ni."

Ya zauna a bencin gaba, gwiwoyinsa na tokarar tebur, tsakanin wata ma'aikaciyar jinya da wani ɗan kasuwa da ya sayi mota kafin ya iya ta. Ranar farko bai bari an yi karatu ba, gardama ya yi ta ja. Da aka zo kan sigina ya miƙe tsaye ya zayyana mata ladabin hanya daga farko har ƙarshe. Ta bar shi ya gama.

"Baba, sigina magana ɗaya take yi," in ji ta. "Ga inda zan nufa. Ba ta cewa wuce, ba ta cewa tsaya. Wanda zai wuce, da idonsa zai wuce, ba da idon wani ba."

"Duk direbobin ƙasar nan sun san abin da na faɗa miki."

"Ka tabbata duk abu ɗaya suka sani? Makon jiya wani direban Gashuwa ya rantse min cewa siginar hagu kashedi ce, wai mota na tahowa, kada ka fito."

Fannami ya yi turus. Ya koma ya zauna. Mako shida ya yi yana zuwa, bai taɓa fashi ba, yana haɗa baƙaƙen boko da ƙyar yana rubuta sauran da ajami a gefen takarda. Abubuwa da yawa ya tarar ya san su fiye da littafin. Wasu kuwa ya gano shekara talatin yana yin su a karkace, Allah ne kawai ke rufa asiri.

Daga nan ya tasa Umara, ciyaman ɗin ƙungiyar direbobi, a gaba. Umara sa'ansa ne, shi ma direban babbar mota, mutum mai taurin kai wanda ko gishiri ka ce ya yi yawa a miya sai ya ƙara. Abu biyu Fannami ke nema: a hana ba da hannu da sigina a tashar, kuma a bar Malama Najwa ta riƙa zuwa kowace Asabar tana yi wa direbobi karatu. Yana so a yi kafin a fara yankan shinkafar rani, lokacin da motoci ke cika hanyar Auyo daga ko'ina, kowane direba da irin karatun da ya taso da shi.

"Fannami, tsufa ne ya fara taɓa ka?" in ji Umara. "Yarinyar da ba ta taɓa canza taya ba ita za ta koya mana mota? Hatsari ka yi, ya wuce, ka yi haƙuri."

Fannami ya koma washegari, Umara ya ce yana da baƙi. Ya koma jibi, aka ce ya tafi Birniwa. Matasan tasha suka sa masa suna Ɗalibi, idan ya wuce su tambaye shi ko an ba da aikin gida. Ko a jikinsa. Kullum bayan azahar yana zaune a ƙofar ofishin ƙungiya da littafinsa a cinya, har Umara ya gaji da ganinsa.

"Ranar taron wata-wata zan ba ka minti goma bayan la'asar," ya ce. "Idan mutane suka ƙi, ka rufe min wannan magana har abada."

"Na yarda."

Ranar taron saura kwana goma sha biyu a fara yanka. Direbobi sun fi saba'in a filin tasha, na manyan motoci da na ƙanana, wasu a kan benci, wasu a jingine da motocinsu. Sun shirya jin wa'azi, har wasu sun fara hamma tun kafin a fara. Fannami bai yi jawabi ba. Ya hau motarsa ya juya musu bayanta, ya kunna siginar hagu, ya bar ta tana ƙyaftawa ya sauko.

"Kowannenku yana bayan wannan mota a hanyar Auyo," ya ce. "Ba ku ganin gaba. Ga abin da direba ya kunna muku. Wanda ya ce an ba shi hannu ya wuce, ya je gindin darbejiya. Wanda ya ce an yi masa kashedi kada ya fito, ya je jikin masallaci. Wanda ya ce kwana mai motar zai yi, ya tsaya inda yake. Kada wanda ya kalli wani."

Aka yi dariya, aka miƙe ana jan ƙafa. Wani ya ce wannan ai wasan 'yan firamare ne. Amma kowa ya tafi inda ya tabbata nan ne daidai, kuma kowa ya tafi da ƙarfin gwiwa, don a ganinsa tambayar ba ta da amsa biyu.

Da ƙura ta lafa sai dariyar ta fara raguwa. Mutum talatin da wani abu suna gindin darbejiya, galibinsu waɗanda Fannami ya koya wa mota. Kusan ashirin da biyar suna jikin masallaci. Sauran suna tsaye a tsakiya. Suka shiga kallon juna, nan da nan gardama ta kaure, kowane ɓangare na cewa ɗaya ɓangaren bai san mota ba.

Fannami ya ɗaga hannu. "Na gindin darbejiya, ni na kai ku can," ya ce. "Ni na koya muku, kuma kuskure na koya muku. Da wannan karatu na cire wa Hussaini ƙafa. Ban zo in ce ku koma jikin masallaci ba, su ma ba su fi ku ba. Fitila ɗaya ce, kun karanta ta iri uku, kuma gobe duk hanya ɗaya za ku hau."

Ya juya don ya ji ta bakin ciyaman, sai ya ga Umara ba shi yake saurara ba. Umara yana jikin masallaci, a sahun gaba, ya kafe gindin darbejiya da ido. A can, cikin masu cewa an ba su hannu, ɗansa na fari Abdulmannan ne tsaye, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ke jan motar fasinja tsakanin Haɗejiya da Auyo sau huɗu a rana.

"Abdulmannan," in ji Umara. "Me kake yi a can?"

"Baba, ai hagu wuce ne."

"Shekaranjiya a kwanar gada, da kana bayana, na kunna maka hagu. Tirela ce ke tahowa."

Abdulmannan ya ce a hankali, "Na ga ka kunna. Har na sa giya zan fito, wata fasinja ta ce in tsaya ta sauka."

Ƙarar siginar ta ci gaba da fitowa daga cikin motar Fannami. Umara ya dafa bangon masallaci, ya sunkuyar da kai. Sannan ya ɗago ya dubi Fannami da jajayen idanu.

"Malamar nan taka," ya ce, "dole sai Asabar? Ba za ta iya zuwa gobe ba?"