Amawalin Agali

"Baba Iliyasu, Baba ne ya ce ka zo, kai kaɗai," in ji Rukayya daga bakin zaure.

Iliyasu ya dire kwandon tumatirin da ke hannunsa. Shi kaɗai? Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninsa da mahaifinta, Agali Buzu, amma ban da gaisuwa babu abin da ya taɓa haɗa su. Ya bi bayanta.

Agali ya gangaro ne daga bakin iyaka a shekarar fari. Shi da 'yan'uwansa aka ba su ƙarshen kanal, inda ruwa ba ya kaiwa sai na sama sun ƙoshi. In sun yi magana a ce baƙi ne. Agali bai iya haƙuri ba. Ya yi ta jelen ofis a Kura har aka yanka wa Buzaye ranar Alhamis ta zama ranar ban ruwansu. Alhamis ɗin farko samarin gari suka tare shi a ƙofar ruwa, cikin turmutsutsu wani ya sauke masa shebur a fuska. Har yau ba a san ko wane ne ba. Iliyasu ya sani, don a hannunsa shebur ɗin yake.

Shi ma Agalin ya sani? Wa zai gane! Buzu ba ya sauke amawali gaban mutane, ko shayi ta ƙarƙashinsa yake kurɓa. Mutumin da ido kawai kake gani, ina za ka karanci cikinsa?

Ya same shi kwance a tabarma, rawanin na nan daram. Iliyasu ya leƙa bayan ƙofa, ko an ɓoye shaidu. Daga butar shayi sai buhun albasa.

"Sannu, Malam Agali. Ya jikin?"

"Jiki ya ƙare, maƙwabci. Magana ɗaya ce."

To, ga ta nan. Ya hango sunansa a bakin 'yan majalisa, ya hango jikokinsa suna ji. Tsoro ya kama shi sosai.

"Ba ni da ɗa namiji. Kai za ka yi mini wanka."

"Ni? Ga 'yan'uwanka, ga Liman."

"Kai nake so."

"Don me?"

Agali ya lumshe ido. "Hannunka na da ƙarfi."

Kwana biyu Iliyasu yana juya wannan kalma. Yabo ne ko tarko? Ya kasa cin tuwo, har matarsa ta ce ko shi ma a kai shi asibiti. Ranar Laraba da hantsi kuka ya tashi a gidan Agali.

Aka kewaye da zana, Liman yana daga waje yana yanka likkafani. Iliyasu ya yi bisimilla, ya warware rawanin zagaye bayan zagaye, har amawalin ya zame.

Muƙamuƙin hagu ya lotsa, ya warke a karkace. Tabo ya taso daga kunne zuwa haɓa, faɗin bakin shebur. Babu haƙori ko ɗaya a wannan gefen. Shekara talatin da gefe guda bawan Allah yake tauna, bai nuna wa kowa ba, sai yau, sai shi.

Iliyasu ya ajiye amawalin a gefe. Ya durƙusa, kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

"Baba Iliyasu," Rukayya ta kira daga bayan zana, "ruwan ya isa, ko a ƙaro?"

"A ƙaro, 'yata."

Ya tallafi haɓar da tafin hannunsa, ya karkata buta a hankali.