Garantin da Bai Wuce Ƙaura Ba

Da ruwa cike a cikinsa injin wankin ya tsaya. Rekiya ta durƙusa gaban ƙofarsa ta gilashi tana kallon zannuwan Inna jiƙe a ciki, ga su ido na gani amma ƙofar ta ƙi buɗuwa. Ta kashe janareta, ta sake tayarwa. Injin ya yi ɗan gurnani, ya nuna wasu jajayen haruffa a goshinsa, ya yi shiru.

Ba don gayu aka sayi injin nan ba. Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye ba ta iya riƙe fitsari, wani lokaci har da abin da ya fi fitsari. Masu wankau na Shinkafi ba sa karɓar kayan najasa. Ita kuma Rekiya ungozoma ce a asibiti, hannun da sabulu ya tsattsaga ba a karɓar haihuwa da shi. Shi ya sa bara ta je Ƙaura ta zaɓi mai ƙofa a gaba, don mai shago ya ce shi ke dafa ruwansa da kansa, ya matse kaya har su kusa bushewa, ga kuma garanti na shekara biyu.

Da injin nan ta ci galaba a kan yayanta Namadi. Shi so yake a mayar da Inna gidansa na Moriki, inda akwai mata da 'yanmata masu hannun wanki. Rekiya ta kafe. Gidan Namadi a bakin gari yake, duk ranar da 'yan bindiga suka matso su ne na farkon gudu, Inna kuwa ko juyi ba ta yi sai an juya ta. Ya haƙura ne kawai don ya zo ya ga shimfiɗar tsohuwar fes, ɗakin ba wari.

Ta lalubo lambar Anwar, mai gyaran da shagon ya haɗa ta da shi. Waya ba ta kamawa sai a kusurwar gida, can ma sai ta hau kan turmi. Haka ta dinga yi, ta hau ta ji magana, ta sauko ta ruga wajen injin.

"Malama, ki duba ƙasa ta dama, akwai ɗan murfi. Ki tara roba kafin ki murɗe, ruwa zai zubo."

Ruwa ya zubo har ya ci ƙafarta. Ta ciro matatar da ke bayan murfin, ta koma kan turmi.

"Yashi ne a ciki, da maɓalli, da fil ɗin ɗankwali."

"Ki wanke ki mayar, ki kunna."

Ƙofar dai ta buɗe, ta kwashe zannuwan. Amma da ta sake gwadawa, gurnanin nan ne.

"To famfon da ke fitar da ruwa ne ya mutu," in ji Anwar. "Ki kwantar da hankalinki, wanga cikin garanti yake. Sabo za a sa maki."

"Alhamdu lillahi. Yaushe za ka zo?"



"Malama, kamfani ya hana mu wuce Ƙaura. Ko bai hana ba, uwata ta hana."

"Amma da za ku sayar mani har tsakar gida kuka kawo."

"Bara ke nan. Ki kawo shi, ranar zan gama maki. Dogayen notunan da muka cire a bayansa ranar da aka kafa shi, suna nan? Su ke riƙe gangar ciki kada ta yi wasa a hanya."

Ta tuna da su. Tun bara ta haɗa su da tsofaffin ƙarafa ta ba 'yan gwangwan, suka ba ta robar wanka.

"To sai dai a ɗauko shi a tsaye, a ɗaure tam, a tafi a hankali. Ko mi za a yi, kada a kwantar da shi."

Ta roƙi maƙwabciyarta Maijidda ta zauna da Inna. Tambari, direban a-kori-kura mai kai wake kasuwar Ƙaura, ya yarda ya ɗauka. Yana ɗaure injin a jikin ƙarfen motar yana yi mata tsiya.

"Likita, wagga talabijin taki wace tasha take kamawa?"

"Tashar wanki, Malam Tambari. Don Allah a tsaye, ka ji."

"A tsaye kamar soja."

Ta ƙi gidan gaba, ta hau baya kan buhuna tare da sauran fasinja don ta dafa shi da hannu. Injin ya fi buhunan tsayi, fari tas, gilashinsa na ɗaukar rana yana watsawa cikin gonaki.

Ba su yi nisa sosai ba wani mai mashin da ke tahowa daga gaba ya ɗaga masu hannu. Bai ko tsaya ba, ya ce an ga 'yan bindiga can gaba bisa mashina, ya wuce. Tambari ya gangara gefen titi ya tsaya.  Can wani dattijo da ke zaune kusa da Rekiya ya nuna injin da haɓa.

"Wanga farin abu mai walƙiya, daga nesa cewa za su yi motar mai hali ce. Ko a kwantar da shi a rufe, ko a sauke shi nan."

"Baba, mai gyara ya ce kada a kwantar."

"Likita," in ji Tambari, yanzu ba wasa a muryarsa, "wanda ya ce kada a kwantar yana Ƙaura ƙarƙashin fanka."

Duk fasinjan suka zuba mata ido. A cikinsu akwai wata yarinya mai goyo, Rekiya ta gane ta, ita ta karɓi haihuwar jaririn. Yarinyar ta danne kan ɗanta a ƙirji tana motsa baki. Rekiya ta miƙe, da hannunta ta kwance igiyar. Aka kwantar da injin rigingine, aka jibga masa buhunan wake har ba a ganin farinsa.

Tambari ya bar kwalta ya bi hanyar gona da gudu. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji wani abu mai nauyi ya buga a ƙarƙashinta, gum, gum, har daga baya ƙarar ta canza ta koma kamar ana taka busasshen ƙoƙo. Ba su ga kowa ba. Ko akuya ba su gani ba. Da suka fito ta Moriki ta ja hijabi ta rufe fuska, kada wani ya gan ta ya kai wa Namadi labari.

A bayan shagon, Anwar ya sa aka tayar da injin. Saurayi ne siriri mai jajayen idanu. Ya tura gangar da yatsa, ta karkace ba ta dawo ba. Ya kwance murfin sama, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"An kwantar da shi."

"An kwantar."

"Akwai dutsen siminti a ciki mai hana shi rawa. Shi ya fasa tukunyar da ke riƙe ruwa. Zo ki gani."

Ta ga tsagar, doguwa, hannu zai shiga.

"Famfon zan iya sa maki yanzu, haƙƙinki ne. Amma kina zuba ruwa zai bi ƙasa. Ita tukunyar kuwa garanti ba ya ɗaukar abin da hanya ta fasa. Sai na tura wa kamfani hoto, kuma suna gani za su gane."

"Ka gaya masu dalili. Ka ce mutane ne cike da mota."

"Zan gaya masu." Ya goge hannu da tsumma. "Na sha gaya masu irin wanga. Na ma ce wa mai shago duk wanda zai wuce Ƙaura da inji a ba shi ƙarami mai buɗewa ta sama, wanda kowane mai gyaran fanka zai iya kwancewa. Wanga na masu hanya lafiya ne."

Ta tambaya ko ana samun tukunyar a saya. Ya ce sai an aiko daga Legas, kuma da a saye ta gara a sayi wani injin. Ta bar shi nan jingine da bango, cikin 'yan'uwansa da suka riga shi zuwa.

Ta koma wanki da hannu, kafin ta tafi aiki da bayan ta dawo. Ruwan sama ya hana zannuwa bushewa. Tsakanin yatsunta ya soma tsagewa, tana sa safar hannu biyu a asibiti tana ɓoyewa, har shugabarsu ta gani ta ce ta bar ɗakin haihuwa sai ta warke. Ba ta gaya wa Namadi komai ba.

Sai kuma wankin ya fara raguwa. Ta dawo da la'asar ta taɓa shimfiɗar Inna, a bushe. Washegari ma haka. Har ta fara murna, sai Maijidda ta ja ta gefe ta ce tsohuwar ba ta shan komai in ba ta nan, ko kunu kawar da kai take.

Rekiya ta ɗebo ruwa a kofi, ta tallabo kan Inna. Leɓɓanta sun bushe sun yi fari.

"Inna, ki sha."

"Na ƙoshi."

"Don Allah ki sha, ko kurɓi ɗaya."

Inna ta kai hannunta mai lafiya ta kama na Rekiya, ta juya shi, ta daɗe tana kallon tsagar.

"Ba ni jin ƙishi, ɗiyata," ta ce, ta rufe baki gam.

Rekiya ta ajiye kofin. Ta fita tsakar gida ta bi ta ƙarƙashin zannuwan da ke ɗiga, ta hau turmi. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Rekiya? Lafiya dai?"

"Yaya, a gyara wa Inna ɗakin da ke kusa da ƙofar baya," ta ce. "Kuma a nemi baro mai ƙwari a ajiye kusa, wanda zai iya ɗaukar mutum in an tashi gudu."