Da Hannuna Nake Ba Ta

…kuma ga laushi, abin haushin ke nan. Da ma busasshe ne, da ma ya yi tsami ta tofar da kanta in huta. Ina! Na yau ne, har da ɗuminsa. Mijina Haladu ya ajiye mini burodin a kan faifai ya fita wurin teburin shayinsa. Ni ce zan ba ta. Kullum safiya, yanki kamar tafin hannuna, haka lokotoron Maraɗi, likitan da ya duba ta, ya ce.

Ga ta can bakin ɗaki tana wasa da murfin kwano. Tata nake ce mata. Inna, kin san ba na kiran sunanta, ƴar fari ce, ke kika koya mini wannan kunyar… Nusaiba. A cikin raina kaɗai nake faɗa. Dubi cikin. Ya fara dawowa, Inna, ya fara tasowa kamar ƙwaryar da aka kife, ƙafafun kuma kamar karan dawa. Ke kina can arewa da shanu, ko waya ba ta shiga, wa zan nuna wa?

Tun yaye aka fara. Ɗiyar mai shayi, me za a yaye ta da shi in ba burodi ba? Ya tsoma a madara ya sa mata a baki, tana dariya, yana dariya. Ni ma dariyar nake yi daga bayan ƙyaure, kada a ce ina kallon ƴar fari. Sai zawo. Zawon da ba ya ƙarewa, fari-fari, da warin da ko kaji ba sa zuwa kusa. Aka ce haƙori ne. Haƙora suka gama fita. Aka ce shawara, aka jiƙa saiwa, aka ce baki ne, aka yi rubutu — ta sha, Inna, ta sha abin da babba ma ba zai iya haɗiyewa ba.

A gidan likita suka naɗa mata ɗan zaren awo a damtse, ya tsaya kan ja. Tamowa. Matar mai shayi, gidan madara da ƙwai, ɗiyarta da tamowa! Na ji su a bakin rijiya, ba su ma rage murya ba. Wai rowa ce, wai Bafillatana ce ba ta iya ciyar da yaro ba sai ɗan maraƙi. In aka kwantar da mu aka ba ta abincin gyaɗar nan na leda, sai ta murmure. Mu dawo gida, a yi mata barka da burodi… sai a koma ƴar gidan jiya. Ni kuwa ban gane ba. Ina da ido, ban gani ba.

Burodin ga yana hucewa a hannuna. Bari in jira ta gama wasan. Minene in ta ƙara ɗan wasa?

Rugarku ce ta buɗe mini ido, bayan Gangara, da kakar bara. Fura da nono, tuwon gero, miyar kuka da daddawa, shi ke nan. Babu mai teburi, babu mai fanke. Kin tuna ranar da ta bi ɗan akuya da gudu har ta faɗi ta tashi ba ta yi kuka ba? Gudu, Inna. Yarinyar da sai an ɗauke ta. Kumatu suka fito, cikin ya sace, har na daina wanke zane da asuba. Kika ce iskar daji ce ta karɓe ta. Na yarda. Muka dawo gida Cadawa, ubanta ya rungume ta, ya yanka mata burodi mai tsawon nan ya shafe da man shanu — washegari zanena ya ba ni labari.

To na hana. Burodi, taliya, fanke, cincin, biskit, duk abin da garin alkama ya taɓa. Ni da ko ruwa ba na ba ta a gaban mutane, sai ga ni ina bin ta gida-gida ina buɗe mata hannu ina ƙwace abin da aka ba ta. Iya Zulai, uwar mijina, ta tsaya tsakar gida ta riƙe haɓa: “Mi burodi ya yi miki? Abincin da duniya duka ka ci? Ɗiyar fari ce fa, ke ko kunya ba ki ji!” Kuma ba mugunta ba ce, wallahi ba mugunta ba ce. Son jikarta take. A bakin zanenta take ƙullo fanke daga kasuwa, ta kira ta bayan rumbu. Ta ina zan yi faɗa da so?

Shi kuwa Haladu… shi ne ya fi ba ni tausayi, ya kuma fi ba ni haushi. “Wato sana'ata ce ka kashe mini ɗiya.” Haka ya ce, yana kallon ƙasa. Mutumin da ke tashi kafin kiran salla ya hura wuta a bakin titi, direbobin Damagaram duk sun san teburinsa, a ce masa abin da yake kawowa gida da alfahari shi ne guba. Ya ce shi ba zai ji maganar mace da rugarsu ba, a je a auna. In lokotoro ya faɗa, ya yarda, har uwarsa shi zai hana. Kuma shi ya kai mu da kansa, ban ƙi gaskiya ba, shi ya riƙe ta a mota.

Lokotoron ya saurare ni. Abin da ba a taɓa yi ba. Ya bar ni na faɗi komai, har warin, har rugar. Ya gyaɗa kai ya ce mai yiwuwa ina da gaskiya, akwai cuta haka, siliyak sunanta, hanjin mutum ne ba ya shiri da alkama. Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Na juya in kalli Haladu — sai ya ƙara magana. Wai awon jinin ba ya ganin cutar sai in alkamar tana cikin jiki. Tun da na hana ta, jinin ya kwanta, in an ɗiba yanzu zai fito fes kamar na mai lafiya. “Kin yi daidai,” in ji shi, “amma kin yi sauri.” Sai an koma ba ta alkamar. Makonni. Sannan a ɗibi jini a aika Yamai. In ta galabaita ƙwarai a dawo da ita.

Ƙwarai ɗin nan, ina ne iyakarsa? Wa zai faɗa mini? Jiya ta zauna a inuwa ba ta bi kowa ba. Shekaranjiya ta ciji ɗiyar maƙwabta ba dalili. Wannan ƙwarai ne, ko da saura?

Ni na koya mata, Inna. Wata da watanni ina cewa burodi ba naki ba ne, naki fura, naki masa ta gero. Har ta iya. In an miƙa mata sai ta kai hannu baya. Ranar farko da na miƙa mata da kaina ta kalle ni, ta ɓoye hannuwan, ta ce, “Adda, ba nawa ba.” Adda take ce mini, yadda take jin ƙannena na faɗa. Na ce ci, yau naki ne. Ta daɗe tana kallona… wace Addar ce mai gaskiya, ta jiya ko ta yau? Sannan ta karɓa. Ta cinye har tana lasar yatsa. Tana son shi, abin ya kai ni ga bango, tana son shi.

Ga akuyar nan tana leƙe. In jefa mata mana. Wa ya gani? In ce ta ci. Cikin ya sace, ta koma gudu, in yi barci… sai jinin ya je Yamai ya dawo ya ce lafiyarta ƙalau. Shi ke nan an ba Cadawa duka izini. Iya Zulai ta kwance bakin zane a tsakar gida ba a bayan rumbu ba, Haladu ya ɗaga kai, ni in zama mahaukaciyar da ta ƙwace wa ɗiyarta abinci. Ba na makonni ba kuma, na har abada. A'a. Tafi can, ke akuya.

To in ya dawo ya ce tana da ita fa? Babu allura, babu ƙwaya, na tambaya. Hani ne kawai, har tsufanta. Gero ya halatta, dawa, masara, shinkafa, wake, alhamdu lillahi ƙasarmu ta gero ce. Amma ya ce in lura da dunƙulen miya na kanti, wasu da alkama a ciki. In lura da injin niƙa, in wata ta niƙa alkama kafin ni. Injin gari guda, in ce wa mai shi ya wanke saboda Tata? Ranar suna fa, da ake zuba wa yara taliya a tire ɗaya? Ranar sadaka? In ta shiga lakol, makarantar boko? In ta girma ta je gidan wasu, wa zai bi ta yana buɗe mata hannu? A garin da in ka ƙi abincin mutum ka ƙi shi ne… ita kaɗai da ɗan kwanonta a gefe, kamar mai kuturta.

Na gaji. Ƙashina ma ya gaji.

Ɗazu da na sallame salla na ɗaga hannu, na ji abin da bakina ke faɗa. Ba Allah ka ba ta lafiya ba. Wai Allah ka sa ta fito. Ka sa cutar ta yi ƙarfi a jinin yadda ba za su kasa gani ba. Ni, uwarta. Na shafa, Inna, har na shafa a fuska kafin in gane abin da na roƙa…

Ta yar da murfin. Ta ga faifan. Tana tahowa, hannu ɗaya dafe da cikin, a hankali, ba gudu. Ba ta kai hannu baya yanzu, ta daina. Ta tsaya a gabana, ƙamshin ya kai mata, ta buɗe baki tun ban gutsura ba.

Nusaiba…

A fili na faɗa? Ta ɗago tana dubana, ba ta san da ita nake ba. Bakin yana buɗe. Burodin yana hannuna.