Gurasar da Elyor Ya Gatsa

Ni fa tun farko ban so maganar bidiyon nan ba. Na ce wa Nigina gurasa ai ƙamshinta ke tallarta, yaushe waya ta fara ƙamshi? Ta yi dariya ta ce, "Goggo, ƙamshin namu iyakarsa bakin layi. Mutanen yanzu da ido suke jin yunwa."

Gaskiyarta ce, ko da na ƙi faɗa. Tun da aka buɗe babban kanti a bakin titinmu a garin Kokand, inda ake sayar da burodi a leda, cinikin yayana Tursunali ya ja baya. Shi ke bakin tanderu tun yana saurayi, matarsa Oyjamol na kwaɓi a ciki, ni kuma ina tebur ina miƙa wa masu saye. Sai ga mu muna yini gurasa na hucewa a gabanmu, aikina ya koma korar ƙuda. Nigina 'yarsu ce, tana aure a unguwar gaba. Rannan ta zo da wayarta da wata sanda mai ƙafa uku, ta ce yau sai an yi bidiyon tallar.

Yaya ya ce shi ba ɗan wasa ba ne, a ɗauki hannunsa amma ban da fuskarsa. Oyjamol ce ta ba mu mamaki. Matar da ko hoton biki sai an ja ta, ta kakkaɓe garin hannunta ta ce, "Abin nan yana kaiwa Rasha?"

"Inna, har bangon duniya."

"To ni zan yi maganar."

Duk mun san dalili. Sama da teburina akwai gurasa guda rataye da zare a jikin ƙusa, gefenta da gurbin haƙora. Ranar da ɗansu Elyor zai tafi Rasha aikin gini, uwar ta miƙa masa ita da zafinta ya gatsa, aka rataye sauran, yadda ake yi wa duk mai tafiya nesa: rabonsa na gida, dole ya jawo shi ya dawo ya ƙarasa. Shekarar farko duk Juma'a sai ya kira. Daga baya wayarsa ta daina shiga. Babu wanda ba a tambaya ba cikin masu dawowa, babu ofishin da ba a je ba. Shekaru suka yi ta wucewa, gurasar ta bushe ta zama kamar katako, Oyjamol kuwa kullum sai ta share mata ƙura kafin ta taɓa gari.

Nigina ta ɗauki hannun babanta yana manna kwaɓi a jikin tanderu, ta ɗauki riɗi yana zuba. Sannan ta koya wa uwar abin da za ta ce: ku zo wurin Tursunali, bayan masallaci, gurasa da zafinta. Oyjamol ta maimaita tsaf. Ana danna wayar, sai ta miƙe ta tsaya ƙarƙashin ƙusar nan.

"Elyor, ɗana, ni ce. Ga gurasarka, ba wanda ya taɓa. In kunya ce ta hana ka don ba ka samo komai ba, wallahi ba mai tambayarka. In aure ka yi a can, zo da ita, ko wace iri ce. Gwiwa ta fara damun babanka. Ka zo ka ƙarasa abincinka." Ta juya za ta koma ciki, sai ta tuna. "Af! Ku zo ku sayi gurasa."

Nigina na share hawaye ta ce za ta yanke wancan wurin, ai ba talla ba ce. Uwar ta ce, "In kika yanke, ban yafe ba. Kuma ki sa hotonsa a ƙarshe."

Kai, jama'a! Kafin mako ya zagayo, layi ya kai bakin masallaci. Mutane daga Margilan, daga Andijan, har masu motar haya suna tsayawa. Yaya ya koma hura tanderu safe da yamma, yana mita yana murmushi. Ni ce dai nake shan fama da 'yan matan zamani masu ɗaga waya a kaina. Wata har ta ce, "Goggo, ɗan sauko mini da gurasar nan ta jikin ƙusa in riƙe a ɗauke ni." Na ce, "Ke, tafi can! Gidan kallo kika zo? Wanda ya gatsa ta kaɗai zai riƙe ta."

Oyjamol ta koma kamar yarinya. Tana kwaɓi tana leƙen layi, fuska bayan fuska. In Nigina ta zo karanta mata saƙonnin mutane, masu addu'a da masu yabon gurasa, sai ta ce, "Tsallake waɗannan. Akwai na Rasha?" Ta wanke shimfiɗar ɗakin Elyor ta shanya a rana. Ni ma, Allah ya sani, na fara sa rai.

Wata safiya na lura da wani mutum a layi, mai furfura a gemu, yana ɗingishi. In ya kusa tebur sai ya koma baya, ya sake biyo layin. Da abin ya ishe ni na ce, "Malam, saye za ka yi ko gadin layi aka ɗauke ka?"

Ya dafa ƙirji ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah. Mai gidan nake son gani."

Sunansa Komiljon, mutumin wajen Namangan. Aka shigar da shi, aka kawo shayi, Yaya ya gutsuttsura masa gurasa mai zafi. Ya ƙi taɓawa. Baƙon da ya zauna gaban gurasa ya kasa miƙa hannu, ai ba sai ya yi magana ba.

"Ɗakinmu ɗaya da ɗanku a Rasha," in ji shi, idonsa na kan tabarma. "Elyor ɗan mai gurasa, iyakar abin da muka sani ke nan. Ranar an yi ƙanƙara, katakon da muke takawa a saman gini ya yi santsi. Ni ƙafa na karya. Shi ko shurawa bai yi ba. Wayarsa ta farfashe, ɗan kwangilar da ke riƙe da takardunmu ya gudu. Mu muka yi masa wanka da salla, ni na sa shi a kabari da hannuna. Na zo Kokand neman ku bayan na dawo, to masu gurasa a garin nan wa ya san iyakarsu? Sai shekaranjiya matata ta nuna mini bidiyon, na ga hotonsa."

Yaya ya tashi ya ja ƙofar shago ya rufe, da mutane a waje. Wayar Nigina na ta ƙara a cinyarta, masu son a ajiye musu gurasar gobe. Ni na fashe da kuka, ban iya riƙewa ba. Yaron da na goya!

Oyjamol ba ta yi ihu ba. Ta dubi baƙon ta ce, "Ya karya kumallo a ranar?"

"Ya karya, Inna. Shi ya dafa mana shayin ma."

Ta gyaɗa kai. Ta taka kujerata ta kwance zaren, ta sumbaci gurasar ta kai goshi, ta miƙa wa mijinta. Yaya ya sa hannu biyu zai raba ta, ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi, ta ƙi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gutsura wa baƙi gurasa, ya ɗora wannan a gwiwa yana kuka kamar yaro.

Oyjamol ta karɓa, ta sa a babban kwano, ta juye shayin butar a kai. Muka zauna muna jira ta jiƙa. A waje wani na buga ƙofa yana tambaya ko yaron ne ya dawo.

Da ta yi laushi, Oyjamol ta ba baƙon rabonsa, ta ba mijinta, ta ba ni, ta ba Nigina. Gefen nan mai gurbin haƙora ta bar wa kanta. Ta daɗe tana shafa shi da yatsa, sannan ta yi bisimilla ta sa baki daidai inda ya tsaya.