Motar da Malam Ya Zaɓa

Ni ce na matsa a sayi motar, kowa ya sani. Tun da ciwon suga ya sa aka yanke wa Malam ƙafar hagu, mijin nan nawa da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa mutane tuƙi ya koma zaman falo, yana kallon bango. Mutum mai surutu kamar rediyo, sai ga shi sai na yi magana sau uku kafin ya amsa ɗaya. Abin yana ci mini rai. Na ce wallahi ba zan zuba ido ya mutu a zaune ba, sai na mayar da shi kan sitiyari.

Ƙanena bakanike ne, shi ya ce mini ai mota otomatik ba ta da kuloci, ƙafar dama kaɗai take nema. Da na kai wa Malam maganar, ya ce shi da yake kiranta motar ragwaye, yau shi za a ɗora a kai? Na ce to ragon ya samu, sai ya tashi. Ya yi murmushi, na farko tun dawowarmu daga asibiti. Muka sayar da tsohuwar tasa, muka shiga neman ƙarama ta hannu, wadda ba ta zuƙar mai, ba kuma za ta mayar da mu 'yan gidan gareji ba.

A filin dillalai na sake ganin Malam ɗina na da. Sai ya jingina da sandunansa, ya sa a tayar da inji, ya dafa bonet da tafin hannu yana saurare. Ya sa ƙanena ya zaro sandar man giya ya miƙo masa ya shinshina, in ya ji ƙauri ya ce mu yi gaba. Akwai wata ja mai sheƙi da dillalinta ya yi ta rantsuwa wai wata tsohuwa ce ta riƙe ta, kasuwa kawai take zuwa da ita. Malam ya sunkuya ya shafa robar birki, ya ji ta cinye sumul, ya ce lallai kasuwar tsohuwar nan tana da nisa. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Abu ɗaya ne yake ba ni haushi. Duk motar da ta kwanta masa, ba ya shiga, sai ya ce, “Guntuwa, zauna mu gani.” Haka yake kirana tun ina amarya. Ya tambaye ni ko ƙafata ta kai birki, ko ina hango ƙarshen bonet. Na ɗauka tsokanar gajartata ce yake yi a gaban mutane. Na ce ni da ban san totur ba balle giya, me ya haɗa ni da kujerar direba? Ya ce in dai zauna.

Daga ƙarshe muka faɗa kan wata 'yar toka-toka mai lotsawa a ƙofar baya. Ba ta da kyan gani, amma injinta shiru. Ƙanena ya zaga da ita ya dawo ya ce giyarta ba ta fizga, mai kuwa lasa kawai take yi. Aka turo kujera gaba, ƙafata ta taka birki ba tare da na miƙe ba. Malam ya ce ita ce.

Da aka gama ciniki, dillalin ya damƙa masa makulli. Na buɗe masa ƙofar direba, na karɓi sandunan, ina ta murna. Ya zauna, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya tayar da inji. Na zaga na shiga gefensa, na ce bismillah mana, Malam. Bai motsa ba. Can ya tambaye ni allurar mai ina ta tsaya. Na ce rabi, ga ta nan a gabanka.

“Ba na ganinta,” ya ce. “Tun kafin a yanke ƙafar, idon ya fara tafiya. Ke kanki dishi-dishi nake ganinki.”

Likita ya gaya masa tuntuni, shi kuma Malam ya hana a gaya mini. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ce don me zai bar ni ina jan sa rana-rana kamar mahaukaciya, ina gaya wa maƙwabta ya kusa komawa aiki? Ya ce ya ga ina murna ne, ya kasa gaya mini. Kuma yana so ya zaɓa mini da hannunsa wadda ba za ta yar da ni a hanya ba, tun yana iyawa. Ya ce ya koya wa rabin gari tuƙi, ni da ke ɗakinsa ya yi ta cewa sai gobe.

Kuka ya zo mini, na haɗiye saboda dillalai suna kallo.

Ya kashe injin, ya buɗe ƙofa ya nemi sandunansa. Ƙanena ya kama shi suka zagayo, muka yi musayar kujera. Na murɗa makulli, injin ya tashi. Malam ya lalubo bel ya ɗaura, ya gyara zama irin na aikinsa, ya fuskanci gilashi.

“Taka birki, ki ja giya a hankali,” ya ce. “Ki riƙa faɗa mini abin da ke gabanmu.”